Abu Na Uku Da Tabita Take So

Shekara goma sha huɗu ina buga wa Malam Obadiya takardunsa, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa shigowa shagona ya bar rediyona a kunne ba. Ba ya cewa a kashe. Zai zauna a kan benci, ya zaro jan biro daga aljihun rigarsa, ya ƙwanƙwasa gefen teburina sau uku. Da farko na ɗauka wani ciwo ne yake damun hannunsa. Daga baya na gane umarni ne.

Sunana Yalwa. Ina da shagon buga takardu a bakin titi a Suleja, kwamfuta biyu, injin fotokwafi ɗaya, da janareta mai taurin kai. Masu zuwa wurina iri-iri ne, daga mai neman aiki a Abuja da takardunsa cikin leda har mai katin biki da mai rubuta ƙarar maƙwabcinsa. Yawancinsu da sun fita na manta fuskarsu. Malam Obadiya kuwa ko na so mantawa da shi ba hali, don duk Litinin ƙarfe tara yana bakin ƙofa, riga a goge, takalmi a goge, littafin rubutu a hammata.

Mutumin wajen Zonkwa ne, a kudancin Kaduna. Ya zo Suleja yana saurayi lokacin da ake ta gina Abuja, ya koyar da Turanci a sakandare har ya yi ritaya, ya gina ɗan gidansa mai ɗaki uku a Bagama. Tun kafin ritayar ya fara rubuta wa makarantu masu zaman kansu da gidajen lesin tambayoyin gwaji, irin waɗanda yara ke horar da kansu da su kafin babbar jarrabawa. Da ya ajiye alli sai abin ya zama sana'arsa. Shi ya rubuta da hannu, ni in buga, malamai su zo su ɗiba.

A cikin tambayoyinsa akwai wani iri da ya fi ƙauna, kuma shi ya fi yawa. Za a ambaci mutum, a jera abu uku da yake son yi, a bar gurbin na ukun, yaro ya zaɓa tsakanin A da B da C da D. Ranar da na fara yi masa aiki ya tsaya a kaina ya yi mini bayani, ko da yake ban tambaya ba.

"Yalwa, in kin jera abu uku a jimla ɗaya, dole su yi anko. In na farko ya ƙare da 'ing', na biyu ma ya ƙare da 'ing', na uku ba shi da ikon zuwa biki da wata riga daban."

Na ce na ji. Ya ce ji daban, ganewa daban. Na haɗiye maganar da ta zo bakina don ina son aikin.

Malam yana da doka biyu, kuma su ne suka sa duk garin ya san shi. Ta farko, ba ya rubuta ƙarya a tambaya. Ya ce yaro yakan karanta tambayar jarrabawa sau biyar gumi na keto masa, ba abin da zai sake karantawa da irin wannan natsuwa har ya mutu, don haka shi ba zai ba ɗan mutane ƙarya ya haddace ba. Saboda wannan ba za ka ga sunayen Turawan da ba wanda ya sani a takardarsa ba. Duk wanda ya ambata yana nan da ransa a Suleja, kuma duk abin da aka ce yana so, yana so. Doka ta biyu, ba ya tambayar mai abin. A cewarsa, in ka tambayi mutum abin da yake so, zai gaya maka abin da yake so a ce yana so. Sai dai ya sa ido, ya tambayi maƙwabta, ya rubuta a wani ƙaramin littafi da ba ya rabo da aljihunsa.

Wanda ya fara kawo ƙara shi ne Gbenga, mai facin taya a tsallaken shagona. Tambayar ta fito haka: "Gbenga enjoys patching tyres, eating amala and ____." Wato yana son faci, yana son cin amala, sai na uku, kuma duk zaɓin huɗun barci ne, kowanne da irin rigarsa. 'Yarsa Tolulope tana cikin waɗanda suka yi gwajin. Ta koma gida ta gaya wa uwarta, uwar ta gaya wa kasuwa. Ranar Litinin Gbenga ya tsallako titi da ƙarfen cire taya a hannu.

"Oga Ticha, ni ne mai barci? Ni? Yara ɗari uku sun karanta Gbenga yana barci!"

Malam ya buɗe ƙaramin littafinsa ba tare da ya ɗaga kai ba. "Talata, ƙarfe biyu zuwa uku da rabi, a kan tayar tirela. Laraba, ƙarfe ɗaya zuwa biyu, har wani mai mashin ya ba tayarsa iska da kansa ya tafi. Alhamis..."

"Ido kawai na rufe, wallahi."

"Alhamis da minshari."

Gbenga ya tsaya yana huci. Can ya ce in ba shi kwafi ɗaya ya gani. Ya duba sunansa a buge, baƙi a kan fari, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce in sa masa leda in manne. Har yau takardar tana rataye a rumfarsa, kuma yana nuna wa direbobi.

Daga nan shiga takardar Malam ya zama abin alfahari. Onwuka mai sayar da kayan gyaran mota ya koma share ƙofar shagonsa da kansa duk sanda ya hango Malam tafe, ko za a ce yana son tsabta. Malam ya rubuta cewa yana son ciniki, kallon talabijin da kallon hanya. Liman ya shiga, fasto ya shiga, wata mai masa daga Garam ta shiga, masu gasa masara a gindin dutsen Zuma sun shiga. Ni ma na shiga, aka ce ina son buga takardu, shan shayi da yin gardama. Na yi gardama a kan wannan, ya ce ya gode da ƙarin shaida.

Matarsa Tabita ban san ta sosai ba a lokacin. Gajeruwa ce, mai jiki, ba ta da yawan magana. 'Yarsu ɗaya, Priscilla, ma'aikaciyar jinya a Kafanchan. Sau ɗaya na taɓa zuwa gidansu kai takardu, lokacin da Malam ya yi targaɗe. Ban taɓa shiga gida mai shiru irin wannan ba. Ba rediyo, ba talabijin, kaji ma a hankali suke tafiya. Malam yana teburinsa a baranda yana rubutu, Tabita tana wanke-wanke a tsakar gida, tana ajiye kowane kwano kamar ƙwai. Na lura leɓunanta suna motsi amma ba sauti. Na ɗauka addu'a take yi, na gaishe ta da hannu na wuce.

Wata ranar Alhamis cikin damina ta zo shagona da takardar taron zumuntar mata na cocinsu, tana son kwafi sittin. Injin yana ta jan ƙafa kamar kullum, ta zauna jira. Tarin tambayoyin mijinta yana kan tebur. Tabita tana karanta Hausa tsaf, Turanci kuwa tana tsintar suna da 'yan kalmomi. Ta ɗauki takarda ɗaya, ta ga Gbenga, ta yi murmushi. Ta ɗauki wata, ta ga matar fasto. Ta ɗauki wata.

"'Yata, duk waɗannan suna cikin kwamfutarki?"

"Duk, Mama. Tun na farko."

"In kin buga suna, tana nemo shi?"

"Nan take."

"Buga Tabita."

Na buga. Kwamfutar ta yi ɗan tunani, ta ce babu. Da ina da hankali da na ce na'urar ce ta rikice, a bari sai wani lokaci. Maimakon haka sai na shiga taimako. Na buga "Maman Priscilla", babu. Na buga "Mrs", sunan da Turanci ke kiran matar aure da shi, ya fito sau tara, duk matan wasu.

Ta kalli allon. Sai ta ce, "Buga akuya."

Akuya ta fito sau huɗu. Ta maƙwabcinsu ce, wadda aka ce tana son cin kwali, hawa katanga da bin yara.

"To, madalla," in ji Tabita. Ta karɓi takardunta sittin, ta ƙirga su a tsanake, ta yi mini sai an jima. Na bi ta da kallo har ta tsallaka titi, raina duk a jagule, don na san da hannuna na yi ɓarna.

Bayan mako biyu Malam ya zo ranar Litinin kamar kullum. Yana miƙo littafinsa ya ce Priscilla ta haihu, namiji, kuma Maman Priscilla za ta tafi jego ranar Asabar. Na yi masa barka. Ya amsa, ya ci gaba da magana da irin muryar da yake karanto barcin Gbenga.

"Ta rabar da kajinta. Ta ɗaure turmi a buhu. Ta kwance keken ɗinki."

Duk macen da ta ji wannan ta san abin da ake nufi. Mai zuwa jegon wata uku ba ta rabar da kaji, kuma a Kafanchan akwai turmi. Na tambaye shi ko ta faɗi ranar dawowa.

"Na tambaye ta. Ta ce Priscilla tana da ɗaki."

"Kun yi faɗa ne, Malam?"

"Shekara talatin da shida ba mu taɓa faɗa ba."

Nan na gaya masa abin da ya faru ranar Alhamis ɗin, har da akuyar, ban rage komai ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya zaro bironsa ya ƙwanƙwasa teburina sau uku, alhali rediyon a kashe yake. Sannan ya tashi ya fita.

Washegari Talata sai ga shi, shi da bai taɓa zuwa ranar Talata ba. Takarda ɗaya ce a hannunsa, tambaya ɗaya a kanta. Ta ce Tabita tana son girki, wanki da guga. Na karanta, na tura masa abarsa.

"Ba zan buga ba."

"Akwai kuskure?"

"Ƙarya ce, Malam."

Shekara goma sha huɗu yana gyara mini waƙafi da aya, ina jiran ranar da ni ma zan kama shi. Da ranar ta zo ban ji daɗin da na zata ba, don fuskarsa ta ba ni tausayi.

"Tana yi," ya ce. "Kullum. Da idona nake gani."

"Ni ma kullum ina jan igiyar janareta har kafaɗata ta yi tsami. Ka taɓa rubuta ina so?"

Ya ɗauki takardar ya kawo ta kusa da fuska, ya karanta a hankali, kamar wani ne ya rubuta. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya ce saura kwana huɗu, kuma zai nemo gaskiyar.

Kowane namiji a duniya zai koma gida ya zauna kusa da matarsa ya tambaye ta. Malam Obadiya ya bi dokarsa. Ranar Laraba ya bar Tabita ta fita kasuwa, ya ƙirga hamsin, ya bi bayanta da ƙaramin littafinsa. Dattijo ne dogo da farar riga a goge, yana laɓewa bayan tarin doya, don haka duk kasuwar ta gan shi, kuma ina da tabbacin ita ma ta gan shi. Abin da ya samo ya girgiza shi. Bayan ta gama cefane, Tabita takan shiga layin masu atamfa ta zauna, ta sa a sauko mata da atamfa turmi shida, ta taya, ta kushe, ta yi dariya har da hawaye, ta tashi ba ta sayi ko ƙyalle ba. Masu atamfar sun ce shekara da shekaru haka take, kuma ranar da ba ta zo ba kasuwar ba ta yi musu daɗi.

"Dariya, Yalwa," ya ce da ya zo ba ni labari. "Har haƙoranta na ciki na gani."

Na biyu daga bakin Onwuka ya fito. Duk Alhamis, in ta taso daga zumunta, Tabita takan tsaya a shagonsa ta kalli kokawar Turawa a talabijin, irin ta ƙattin nan masu jifan juna da kujera. Tana da gwaninta, kuma tana ba shi shawara daga nan Suleja da ƙarfi. Onwuka ya ce har kujera ya ware mata. Malam ya tambaye shi tun yaushe. Ya ce shekara tara ke nan, ya ɗauka Oga Ticha ya sani.

Na uku ya gagara. Matar fasto ta ce Tabita tana son zaman lafiya, Malam ya ce wannan kowa ma zai faɗa. Maƙwabciyar da aka ba kaji ta ce tana son kaji, ya ce da tana son su da ba ta bayar ba. Ranar Juma'a da la'asar ya zo ya zauna a bencina, takalminsa duk laka, abin da ban taɓa gani ba. Na ce ya bar su biyu mana, ciniki da kallon kokawa, ai sun isa. Ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

"Biyu ba jeri ba ne."

"To ka tambaye ta."

"Ba na tambayar mai abin."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ita fa ba Gbenga ba ce. Matarka ce, kuma gobe ƙarfe takwas za ta shiga mota da turminta."

Daga bisani ya ce in buga tambayar da abu biyun, in bar gurbin na ukun. Na tambaye shi zaɓin A zuwa D. Ya ce in bar wurin fari.

Ranar Asabar na rufe shago na bi su tasha. Zan iya cewa takardar na kai masa, amma gaskiya tun ranar Juma'a ya karɓa, son ganin ƙwaƙwaf ne ya kai ni. An riga an ɗaure keken ɗinki a bayan mota, turmi yana kan kaya. Tabita tana tsaye da jakarta, ta sha ɗaurin ɗankwali. Malam ya matso ya miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta ga sunanta a farkon layi, ta shafa shi da yatsa. Ya fassara mata sauran, muryarsa ƙasa-ƙasa. Da ya zo kan kokawa ta ce, "Onwuka dai bakinsa ba ya rufuwa." Sai ta nuna gurbin.

"Nan fa?"

"Shi ne na zo tambaya, Maman Priscilla."

"Ina su A da B da kake ba yara?"

"Babu. Ban sani ba."

Tun da nake da shi ban taɓa jin waɗannan kalmomi a bakinsa ba. Direba yana ta danna ham, 'yan kamasho suna kiran mutum ɗaya ya rage. Tabita ta dubi mijinta, ba fushi a fuskarta, kuma wannan ya fi fushin tsoratar da ni.

"Ka sani, Baban Priscilla. Saboda shi ka aure ni."

Ta mayar masa da takardar, ta ce ai ba ita ce ɗalibar ba. Ta shiga mota, ta yi mini sallama ta taga, motar ta tashi. Malam ya tsaya riƙe da takarda har aka fara lodin wata motar a wurin.

Bai fasa zuwa ranar Litinin ba. Tambayoyi suna zuwa, amma ko ɗaya babu mai abu uku, har wani shugaban makaranta ya yi ƙorafi. Rigarsa ta daina ganin guga, wuyansa ya fito. Wani lokaci zai zauna ya karanto mini dalilan da suka sa ya auri Tabita, ya rubuta su a jere cikin ƙaramin littafinsa: tana da ladabi, tana da tsabta, gidansu gidan mutunci ne, kawunsa ya yaba da ita. Na ce duk wannan takardar shaidar aiki ce. Ya yarda. In ya kira waya Priscilla ce take ɗauka, ta ce Mama tana wanka wa jariri, ko Mama ta fita. Jariri ya yi arba'in, ba a yi zancen dawowa ba.

A mako na bakwai ya shigo ina tsakiyar aiki, rediyo a kunne. Wani shiri ake yi na waƙoƙin mata na gargajiya, wata tsohuwa tana bayarwa, wasu suna amshi da tafi. Ya zauna, ya zaro biro, ya ɗaga hannu. Ni kuma na miƙa nawa hannun zan kashe, don mun saba. Biron bai sauka ba. Ya tsaya a sama kamar an riƙe masa hannu.

"Bar shi," ya ce.

Na bari. Muka zauna har tsohuwar ta gama, aka shiga tallar maganin sauro. Sannan ya fara magana, ba ni yake kallo ba, biron yake kallo. Ya ce yana saurayi, ya je hutu gida, yana kan keke zai wuce ta bayan wata coci a Zonkwa, sai ya ji wata yarinya tana ba da waƙa, mata suna amsawa da kiɗan tulu. Ya sauka daga keken ya tsaya a rana har aka tashi, saƙon da aka aike shi ma bai kai ba. Bai ga fuskarta ba sai bayan kwana uku. Da aka yi aure ya kawo ta Suleja, ɗaki ɗaya suke haya, teburinsa a nan, murhunta a bakin ƙofa. Yana duba takardun yara ɗari biyu, ita tana girki tana waƙa. Wata rana ya ƙwanƙwasa tebur sau uku. Ta yi shiru.

"Sau nawa ka yi mata haka?"

"Ban ƙirga ba. Bayan shekara ɗaya ban sake buƙata ba." Ya juya biron a hannunsa. "Na ɗauka ta gama ne."

Sai na tuna leɓunan nan da ke motsi a kan kwanukan wanke-wanke. Na so in zage shi, na kuma so in yi kuka, na rasa wanda zan fara, sai na tashi na kashe rediyon da kaina.

Ya fito da takardar tasha daga aljihu, duk ta yi laushi saboda ninki. Ya shimfiɗa ta a teburina ya cike gurbin da jan biro, kalma ɗaya, da 'ing' ɗinta a ƙarshe. Na ce in ɗauki hotonta in tura wa Priscilla ta waya, minti ɗaya ta isa. Ya ce a'a. Ya nemi ambulan, ya sa takardar, ya sa biron a ciki, ya liƙe. Washegari mutumin da ya shekara takwas bai wuce Zuma ba ya hau motar Kafanchan.

Bayan kwana uku ya dawo shi kaɗai. Ranar Litinin ya kawo aiki an rubuta da fensir. Na daure har na buga shafi biyu, sannan na kasa.

"Malam, me ta ce?"

"Ta duba. Ta ce na ci."

"Shi ke nan?"

"Ta ce amma na makara wajen miƙa takarda."

"Biron fa?"

"Yana wurinta."

Sai da ta ƙara wata biyu, don ta nuna ba takarda ce ta dawo da ita ba, ita ta ga dama. Ta dawo da turminta, keken ɗinkin ta bar wa Priscilla. Kajin kuwa maƙwabciya ta ce kyauta ba ta komawa, aka bar maganar. Tambayar ba ta taɓa fita a wata jarrabawa ba. Na tambaye shi ko in sa ta cikin na zangon nan, ya ce wannan ba ta yara ba ce.

Tun daga lokacin aikin Malam ya lalace, kuma ina faɗin haka a matsayin wadda ta fi kowa sanin aikinsa. Lamba goma sha biyu takan zo sau biyu. Wani lokaci zaɓin C ya ɓace gaba ɗaya. Rannan ya bar na uku ya zo biki da wata riga daban, a cikin amsar da ya ce ita ce daidai. Ina gyarawa in yi shiru, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Watan jiya ruwa ya hana shi zuwa karɓar takardu, da aka ɗauke na hau mashin na kai masa Bagama. Tun daga kwanar layinsu na jiyo Tabita. Ba zan yi ƙarya ba, tunda labarin Malam nake bayarwa: muryar ba ta da daɗi. Ta tsufa a ajiye, tana hawa ta karye, tana sauka ta shaƙe, kuma maƙwabcin nan mai akuya ya riga ya kai ƙara wurin mai unguwa. Tabita tana tsakar gida tana wanke-wanke, kwanuka suna ta ƙara, tana rera wata waƙa da harshensu wadda ban ji ko kalma ɗaya ba. Malam yana teburinsa a baranda, fensir a hannu, littafi a buɗe. Na leƙa shafin, ba komai a kai sai kwanan wata.

Na yi sallama na miƙa masa takardun. Bai karɓa ba. Ya ɗaga hannu a hankali ya nuna mini benci, na zauna. Sai da ta kai ƙarshen waƙar, ta ja numfashi, ta kama wata. Muka ci gaba da jira.